Ɗigon Mace

Kowace safiya, kafin ta sa wa cikinta komai, sai ta ciyar da dabbobinta. Haka ƙaninta Auta yake faɗa, kuma shi ya laƙaba mata Mai Kiwo har sunan ya bi ta wurin aiki. Dabbobin nan ba ƙaho ba wutsiya, ido ma ba ya ganinsu. Ƙwayoyin halitta ne, kwance a gindin ƙananan farantan roba, cikin wani akwati mai ɗumin jikin mutum. Takan wanke hannu, ta sa safa, ta zuƙe tsohon ruwan da suka gama tsotsa, ta zuba musu sabo mai ruwan hoda. Su ba su san ranar hutu ba. Ka yi sakaci da su, su mutu su bar ka da dogon bayani a gaban Farfesa, shugaban ɗakin gwajin.

Ba sha'awar kiwo ta kawo ta wannan ɗaki ba, ciwo ne ya koro ta. Mahaifiyarsu tana da sauran ƙarfinta ta fara kiran cokali tsintsiya, ta yi dariya, su ma su taya ta. Daga baya dariyar ta ƙare. Ƙafa ta fara ja, harshe ya yi nauyi, har aka kai ranar da ta dubi 'ya'yanta uku ta tambaye su ko baƙi ne. An kai ta makwancinta, aka ce tsufa ne, alhali ba ta tsufa ba.

Sai kuma abin ya dawo ta kan Babban Yaya. Kafinta ne, irin wanda in ya haɗa ƙofa ko iska sai ta nemi izini. Wata rana ya ƙera tebur, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ya tsaya yana kallonsa kamar wani ne ya yi masa mugunta. Yanzu yana gidan Auta, a kujerar da shi ya ƙera da hannunsa, ana ba shi abinci a baki.

Auta mai aikin wayar lantarki ne, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ranar da ya matsa mata da tambayar me ke cin kan Yaya, ta zaunar da shi ta yi masa bayani yadda zai shiga.

"Kowace ƙwaya a ƙwaƙwalwa tana ƙera furotin, tana ninke shi yadda ake ninke kaya. A kan Yaya akwai wani guda da ke ninkuwa a karkace. Shi kuma in ya karkace ba ya zama shi kaɗai, sai ya manne wa na kusa da shi, ya karkatar da shi, su yi ta taruwa har su zama dunƙule. Jakar sharar ƙwayar ta cika, ta toshe."

"To ba masu kwashewa?"

"Akwai. Ƙwayoyin garkuwa, su ke share ƙwaƙwalwa. Da farko suna kwashewa lafiya lau. Amma abin ba ya narkewa a cikinsu, sai su fusata, su yi ta zubo da sinadaran kumburi, su koma suna gatsar rassan da ke da rai, waɗanda tunani ke bi ya wuce."

Auta ya juya maganar a ransa. Can ya ce, "Wato mai gadin gidan ne ke cin gidan."

"Kusan haka."

"To a sallame shi mana."

"In ka sallame shi, ƙura kaɗai ta ishe ka mutuwa."

Abin da ba a sani ba shi ne wane gurbi ne a cikin gadon jininsu ya lalace. An duba duk wuraren da aka saba dubawa, ba a ga komai ba. Farfesa ya ce hanya ɗaya ta rage: a yanko 'yar fatar Babban Yaya, a rene ta a faranti, a juya ƙwayoyinta su zama irin na ƙwaƙwalwa, a zuba musu ƙwayoyin garkuwa, a zuba ido a ga yadda faɗan ke somawa. Amma maras lafiya shi kaɗai ba ya nuna komai, sai an jera shi da 'yan'uwansa masu lafiya. Ana bukatar fatarta, da ta Auta.

Auta ya zo ɗakin gwajin da rigar aikinsa, sukudireba a aljihu. Ya miƙa dantse ba gardama, yana tsokanar yayarsa da ta runtse ido lokacin da aka zo kanta.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji shi. Sannan ya juya ga Farfesa, fuskarsa ta sauya. "Ranka ya daɗe, sharaɗi ɗaya gare ni. Kome kuka gani, ba na son ji. Ina da mata, ina da jaririya, ina da Yaya a kujera. Ku bar ni in hau tsanina da safe da zuciya ɗaya."

"Ni ma haka," in ji Mai Kiwo. Tana da 'ya a makarantar kwana, kuma ba ta fi shi jarumta ba.

Farfesa mutum ne mai tsoron Allah da tsoron kwamitin ɗa'a, ban san wanda ya fi tsoro ba. Ya yi dabarar da yake ganin ba ta da ɓaraka. Ya zuba fatun biyu a kwalabe iri ɗaya, ba rubutu, ya kira wata ma'aikaciya daga wani sashe wadda ba ta san komai a kan zancen ba, ya ce ta shiga ɗaki ita kaɗai ta cuɗa su, ta liƙa wa ɗaya jan salatif, ɗaya kore. Ba a rubuta a ko'ina ba. Matar ma da ta fito ba za ta iya ce maka wanne ne wanne ba. Ja da Kore, shi ke nan. Duk duniya babu mai rai da ya san na waye.

Wata da watanni tana kiwo. Farantin Babban Yaya ya yi abin da ake jira. A ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ga dunƙulen suna taruwa, ta ga ƙwayoyin garkuwa sun kumbura sun janye hannuwansu, ta ga rassan suna guntulewa. Abin da ya ɗauki shekaru a kan mahaifiyarta, ga shi yana faruwa a gabanta a cikin abin da bai fi murfin kwalba girma ba. Ranar farko sai da ta fita baranda ta sha iska.

Ja da Kore kuwa suna ta miƙa rassa, kyawawa, tsaf. Har ta fara sakin jiki.

Sai wata safiya ta ga ƙura-ƙura a cikin Kore.

Ta ce gurɓata ce. Wataƙila ta taɓa farantin Yaya da bakin bututu ta kai nan. Ta zubar, ta ciro wasu daga firiza, ta rene su daga tushe, a akwati daban, da kayan aiki daban, tana kaffa-kaffa kamar mai ɗauke da ƙwai. Ta jira. Dunƙulen suka dawo. Ja na nan garau, Kore na bin sawun Yaya taki bayan taki.

Farfesa da ya leƙa madubin sai ya buga tebur. "Kin ga! Tun kafin mutum ya nuna alama abin yana cikin ƙwayarsa! Wannan ai..." Sai ya tuna da wa yake magana. Ya cire tabarau ya shiga goge su da gefen riga. "Faranti dai ba mutum ba ne," in ji shi a hankali. "Kin san wannan."

"Na sani, Farfesa."

Su duka biyu sun san ba haka suka rubuta a takardar neman izinin binciken ba.

An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. To wane ruwa za ta shafa? Wutar tana ɗaya daga cikin gemu biyu, ba ta san wanne ba, kuma ba ruwan da ke kashe ta. Daga ranar ta zama 'yar sandan kanta. In ta ajiye makulli ta manta, sai gabanta ya faɗi. In kalma ta maƙale mata a harshe, sai ta tsaya cak a tsakiyar magana, gumi ya keto mata. Takan kalli hannunta in tana zuba shayi, ko zai yi rawa, kuma hannun da ake kallo dole ya yi rawa. 'Yarta ta bugo waya tana ba ta labarin jarrabawa, ita kuwa tana lissafin ko za ta gane yarinyar ranar da za ta gama makaranta. Abinci ya daina shiga. Zobenta ya fara juyawa a yatsa.

Ta yi addu'a, amma addu'ar ba ta da kai. Ta ce Allah ya raba ta da ciwon, sai ta ga ai ta roƙa wa Auta ne. Ta ce Allah ya raba Auta da shi, sai harshenta ya ƙi ƙarasawa. Ƙarshe ta koma cewa Allah ya sa gurɓata ce, alhali ita da hannunta ta tabbatar ba gurɓata ba ce.

Ranar da abin ya faru ba wata rana ba ce ta daban. Hantsi ne, ana ta surutu a baranda, wani yana jan keken kwalabe. Aikin ƙirga matattun ƙwayoyi take yi. Akan ɗiga wani shuɗin rini da ke kama cibiyar ƙwaya, inda zaren gado yake, a kashe fitila, a ƙirga. Ta yi wannan aiki har ba ta san adadi ba, kullum da ƙaramin gilashi, daga nesa. Yau wasu cibiyoyin sun yi dishi-dishi, ta kasa tantance mai rai da matacce, sai ta murɗa zuwa babban gilashi.

Hannunta na kan abin murɗa gilashin ta tuna.

Darasi ne na shekarar farko, wanda kowane ɗalibi ke haddacewa ya manta. Mace tana da wani zaren gado guda biyu iri ɗaya, namiji yana da guda. Da yake biyun sun yi yawa, kowace ƙwayar mace takan naɗe ɗaya ta jingine shi a gefen cibiya, kamar tabarmar da ba a shimfiɗa ba. In an sa rini, yakan fito ɗan ɗigo mai haske. Namiji ba shi da shi.

Farfesa da digirorinsa, ita da nata, sun ɓoye suna, sun ɓoye kwalba, sun kira baƙuwa ta cuɗa. Sun manta ɗaya mace ce ɗaya namiji. Mutanen da suka saba kiran komai samfuri, sai da suka manta samfurin yana da jinsi.

Tana iya miƙewa. Wannan gaskiya ne, kuma ta san gaskiya ne. Tana iya murɗa gilashin ya koma, ta kunna fitila, ta ce wani ya ƙarasa ƙirgar. Ta ma ɗaga kai daga madubin, ta zauna a cikin duhun tana jin ƙugin firiza. Amma wanda ya yi watanni da ƙishirwa, ba a ajiye masa kofi a ce ya kau da kai. Ta sunkuya.

Kore ne a kan madubin. Cibiyoyi shuɗaye, sumul, kamar ƙwan tsuntsu. Ta bi gefen ta farko. Babu. Ta biyu, babu. Ta san ba a kowace ƙwaya yake fitowa ba, don haka ta matsa gaba, ta sake matsawa, ta bi farantin daga wannan baki zuwa wancan. Ko ɗaya.

Ta cire shi ta ɗora Ja. Da ƙyar ta daidaita. Hoton ya washe.

Ga shi nan. A gefen cibiyar farko da idonta ya sauka a kai, ɗan ɗigo, fes, manne da bango. Ga wani a ta kusa da ita. Ga wani can.

"Alhamdu lillahi," in ji ta.

Da ƙarfi ta faɗa, daga can ƙasan ciki, da irin ajiyar zuciyar wanda aka sauke wa kaya. Daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta ga 'yarta, ta ga kanta da furfura tana gane kowa. Sai da kalmar ta gama fita, ta bugi bangon ɗakin ta dawo, sannan ta ji abin da ta gode wa Allah a kai.

So duka so ne, amma son kai ya fi. Ta sha jin wannan magana tana ɗauka da wasu ake. Auta da ta goya, wanda ta tauna wa abinci, wanda ya miƙa dantsensa yana dariya don ita ta roƙe shi. Ba ta yi niyya ba, ba ta zaɓa ba, amma bakinta bai jira ta ba. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba, kuma abin da ya fi muni, daɗin bai tafi ba. Yana nan a ƙarƙashin kunyar, da ɗuminsa.

Farfesa ya turo ƙofa ya same ta a haka. Ya dubi fuskarta, ya dubi gilashin da ke kan madubin, ya leƙa. Bai daɗe ba ya ɗago.

"Kai," in ji shi. "Kai, kai, kai. Namiji da mace." Ya laluba kujera ya zauna. "Laifina ne."

"Namu ne."

"Kin tuna abin da Auta ya ce. Ba ya son ji. Ba mu da ikon ɗora masa, sai in shi ya tambaya."

"Na tuna."

"Ke kuma... to, aƙalla ke..."

"Kada ka ƙarasa, Farfesa, don Allah."

Da la'asar ta tafi gidan Auta, don ranar zuwanta ce, kuma in ba ta je ba sai an tambaya. Ta tarar da shi a tsakar gida yana yi wa Babban Yaya aski. Ya ɗaura masa tawul a wuya, yana riƙe da haɓarsa da yatsu biyu, yana yi masa hira kamar ana amsa masa.

"Yaya, ka daina motsi, in na yanke ka matan unguwa ba za su yafe mini ba. Ah, ga Mai Kiwo! Ya garken?"

"Lafiya lau."

"Ba wanda ya haihu?"

Ta yi abin da ya yi kama da dariya. Matarsa ta fito da jaririya a kafaɗa, suka gaisa, ta miƙo mata ita. Yarinyar ta kama mata yatsa ta ƙanƙame. Mai Kiwo ta dubi wannan 'yar fatar mai laushi, ta yi maza ta mayar da ita hannun uwarta, ta ce daga wurin aiki take, ba ta wanke hannu ba.

Idonta kuwa ya ƙi barin Auta. Yadda yake riƙe reza, yadda yake ɗaga ƙafa in ya zagaya kujera. Ya nemi buroshi ya rasa, ashe yana aljihunsa, ya yi tsaki ya yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Da ya gama ya share wa Yaya fuska, ya gyara masa hula, ya ce da ita, "Zo ki ga wani abu."

Ya kai ta ɗakin ajiya na ƙarshen baranda, inda tarkacen wayoyinsa suke. An kwashe komai. An yi sabon fenti, ƙamshinsa bai gama fita ba. Ya sa fitila biyu, ya mayar da makunnin kusa da inda gado zai zauna. A ƙasa ga wani dogon ƙarfen dafawa, irin wanda ya kafa wa Yaya a hanyar banɗaki, da na'urar huda bango kusa da shi.

"Haya za ka ba da?"

Ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Wasan ya bar fuskarsa.

"Yaya," ya ce. Ba ya kiranta haka sai magana ta yi nauyi. "Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina da ido. Kin rame. Kina magana ki tsaya. Rannan kin bar jakarki a nan, kin dawo kina rawar jiki. Haka Inna ta fara." Ya ɗaga hannu. "Kada ki ce komai. Ban tambaye ki abin da kuka gani ba, kuma ba zan tambaya ba. Abu ɗaya nake so ki sani. Ba za a kai ki wurin baƙi ba. Nan za ki zo. 'Yarki 'yata ce. Na riga na koyi aikin a kan Yaya, wanka, juyi, ba da abinci ba tare da mutum ya shaƙe ba, duk na iya. Ina ganin Allah ya bar ni ne don in riƙe ku."

In ta ce masa ba ita ba ce, ai ta gaya masa ke nan. In ta yi shiru, ta bar shi ke nan yana yi mata makokin da nasa ne. Hawaye ya zubo mata, shi kuwa ya ɗauka ya canka daidai, ya kau da kai don kada ta ji nauyi.

"Haba, Mai Kiwo, ai ba yau ba ne, ba gobe ba. Zo ki taya ni, tunda kin zo. Awo nake jira, ba na son in huda bango sau biyu." Ya ɗauki ƙarfen ya kara a bango, daidai ƙugunta, ya ciro fensir daga bayan kunne. "Dafa mu gani."

Ta dafa. Ya zauna mata daidai, kamar an auna.

"Ya yi?"

Ta dubi ƙarfen, ta dubi ƙaninta da ya kere ta da kai da wuya.

"Ya yi ƙasa," ta ce.

"Ƙasa? Ke da ko kafaɗata ba ki kai ba?"

"Ɗaga shi dai."

Ya ɗaga kaɗan, yana dariya. "Nan?"

"Ƙara."

"Sai kin taka kujera za ki kama shi fa."

"Ƙara, Auta."

Ya ƙara. Ƙarfen ya wuce gwiwar hannunta, ya kai inda hannunsa na hagu, da ke riƙe da shi, ya miƙe ya zauna a kai ba lanƙwasa.

"Nan," in ji ta.

Ya kai fensir bango zai ja layi. Sai ya dubi hannunsa a kan ƙarfen. Dariyar ta tsaya masa a fuska, ba ta ƙaru ba, ba ta tafi ba. Daga tsakar gida matarsa tana kira, wai Yaya ya zame daga kujera, a zo a taya ta ɗagawa.

Bai juyo ya dubi yayarsa ba. Ya ja layin.

"Ina zuwa," ya ce.